Kafin ki ce “doka ta ce”

'Yata,

Babanki ya gaya mini cewa tun da kika shiga ajin ƙarshe a karatun lauya, duk wanda rigima ta taso masa a dangi ke yake nema. Ya ce ba kya ɓata lokaci, waya kawai kike ɗaukowa ki latsa, nan da nan kin karanto wa mutum sashen doka. Yana faɗa yana alfahari, ni ma na ji daɗi, Allah Ya ƙara basira. Tun ranar nake son mu zauna, ƙafa kuma ba ta kai ni ko'ina yanzu, shi ya sa na ce bari in rubuto. Ni ba lauya ba ne, kin sani. Aikin rajistara na yi a kotu har na yi ritaya. Amma wanda ke kan wannan kujerar yana ganin takardu iri-iri, har da waɗanda ake shigo da su da ƙarfin gwiwa a fita da su jiki a sanyaye.

A zamaninmu dokokin ƙasa manyan littattafai ne masu kauri, jere a kabad ɗin ɗakin karatun kotu. Akwai kundin Jihar Arewa na 1963, daga baya aka samu na tarayya na 1990, sannan na 2004. Akwai kuma wani aiki da ake ɗora wa ƙananan ma'aikata wanda kowa ke gudu. Idan Gazet ta iso daga maɗaba'ar gwamnati ɗauke da gyaran wata doka, sai ka ɗauko almakashi da gam da jan biro, ka nemo sashen da aka taɓa, ka ja masa layi, ka yanko sabon ka manna a gefen shafin, ka rubuta lambar Gazet ɗin da kwanan wata a ƙasa. Wani shafin har kumbura yake yi don yawan manne-manne, littafin ya ƙi rufuwa. Alƙali in ya buɗe, tun bai karanta kalma ɗaya ba jan layin nan ya riga ya gaya masa cewa wannan sashen ya daina aiki.

A intanet babu wanda aka ɗora wa wannan aikin. Mutum ya ɗora doka a shafinsa shekaru goma sha da suka wuce ya tafi harkar gabansa, dokar tana nan yadda ya bar ta, fes da ita, babu layi babu manni. Da yake kuma ta daɗe ana buɗa ta, sau da yawa ita Google ke fara miƙo miki. Wannan shi ne babban abin da nake jin tsoro a kanki, domin kuskuren da ke fitowa daga nan ba ya kama da kuskure. Da lambar sashe yake zuwa, da Turancin lauyoyi, mai faɗarsa kuma yana da tabbacin da idonsa ya gani.

Ɗauki kundin dokokin tarayya na 2004, wanda kuke kira LFN. Cibiyar PLAC da ke Abuja ta yi wa jama'a alheri ta ɗora shi kyauta a shafinta, wuri ne mai kyau na fara nema. Sai dai kundin dokokin da ke aiki zuwa ƙarshen 2002 ya tattara. Duk abin da majalisa ta yi bayan nan ba ya ciki. Dokar Shaida da ke babi na E14 an soke ta a 2011 an kawo sabuwa, sabuwar ma an yi mata gyara a 2023. Dokar 'yan sanda da ke babi na P19, wadda asalinta tun 1943 ne zamanin Turawa, an maye gurbinta a 2020. Dokar kamfanoni ta 1990, wato CAMA, ita ma a watan Agustan 2020 aka soke ta. Wannan ta ƙarshen na ga yadda ta wahalar da wani ɗan kasuwa a unguwarmu. Yana son ya yi wa sana'arsa rajistar kamfani, ɗansa ya duba masa a waya ya ce doka ta ce sai mutum biyu. Bawan Allah ya shiga neman wanda zai sa a takarda, har ya kusa sa wani ɗan'uwansa da suka taɓa samun saɓani a kan kuɗi. Yaron bai yi ƙarya ba, abin da ya faɗa yana nan a sashe na 18 na tsohuwar dokar. Sashe na 18 na sabuwar kuwa ya yarda mutum ɗaya ya kafa kamfaninsa shi kaɗai. Lamba ɗaya, hukunci daban.

Kundin tsarin mulki ma bai tsira ba. Kowa na cewa na 1999, amma an yi masa gyare-gyare a 2010 da 2011, aka sake a 2018, aka kuma a 2023. Har yau akwai kwafi birjik a intanet da ke cewa sai mai shekara 40 zai nemi shugabancin ƙasa, alhali tun ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu aka mayar da shi 35, na majalisar wakilai da na majalisun jihohi kuma aka sauko da su daga 30 zuwa 25. A watan Maris na 2023 aka ba jihohi damar yin doka a kan jiragen ƙasa da gidajen yari da wutar lantarki, abubuwan da a da suke hannun tarayya. Wanda ya sauke tsohon kwafi zai rantse miki jiha ba ta da hurumi, kuma zai nuna miki shafin.

Dabarar da zan ba ki, ki riƙa fara karanta doka daga ƙarshe. A sassan ƙarshe ne ake faɗin wace doka ta soke, me ta bari ya ci gaba da aiki daga tsohuwar, da ma'anar da ta ba kalmomin da ta yi amfani da su. Mutane da yawa suna tsallake sashen ma'anar kalmomi, shi kuwa sau da yawa shi ke raba gardama. In kwafin na ainihi ne, a shafin ƙarshe za ki tarar da wani ɗan jadawali: sunan dokar, ranar da majalisar dattawa ta zartar, ranar da ta wakilai ta zartar, sa hannun Akawun Majalisar Tarayya, sai na shugaban ƙasa da kwanan wata. Wannan zai gaya miki ranar haihuwarta. Ko tana raye har yanzu kuwa, ba za ta gaya miki da bakinta ba, sai kin fita nema. Ki rubuta sunanta na Turanci ki haɗa da kalmar gyara ko sokewa, ki bi shekarun da suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ki leƙa shafin hukumar da ke aiki da ita, CAC in ta kamfanoni ce, Babban Banki in ta banki ce, domin su ne ke fara ɗora sabuwa. Sannan ki nemo hukuncin kotu na kwanan nan da ya ambace ta ki ga wace shekara alƙali ya kira.

Akwai kuma takardar da ba ta taɓa zama doka ba sam. A 2019 sanatoci biyu daga Jihar Neja suka gabatar da ƙudurori biyu da suka tayar da ƙura. Na Sanata Sani Musa a kan yaɗa ƙarya a kafafen sada zumunta, na Sanata Sabi Abdullahi a kan kalaman ƙiyayya, wanda ya tanadi rataya idan kalaman suka jawo asarar rai. An yi ta tura su a WhatsApp ana cewa ga sabuwar doka, kowa ya iya bakinsa. Babu wanda ya zama doka a cikinsu. Ƙuduri a ido kamar doka yake, da sassa da lambobi da hukunci. Ki duba samansa. In kin ga an rubuta “A Bill for an Act”, ga lamba mai farawa da SB ko HB, ga sunan wanda ya ɗauki nauyinsa, to buƙata ce aka kai gaban majalisa. Shafin Majalisar Tarayya da na PLAC suna nuna matakin da ƙuduri ya kai. Ko majalisun biyu sun zartar, sashe na 58 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun sake amincewa, kamar yadda aka yi wa Obasanjo a 2000 a kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Dokar da ta shafi rubutu a intanet da gaske ita ce ta laifuffukan intanet ta 2015, sashenta na 24 da aka fi kama mutane da shi kuma an gyara shi a 2024.

Mu da Gazet muka saba rufe gardama, har yau ita ce madogara. Amma a watan Disambar 2025 ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zauren majalisa ya ce dokokin haraji da aka buga a Gazet sun saɓa da abin da suka zartar, har majalisa ta ba da umarnin a fitar da kwafi mai hatimi na abin da ya fita daga hannunta. In har a wannan matakin ana iya jayayya a kan wane kwafi ne na gaskiya, ki auna matsayin wanda wani ya turo miki a waya babu shafin farko babu na ƙarshe.

To, a ce dokar tana raye. Saura ki tambaya ko ta iso inda mai matsalar yake. Kowa a ƙasar nan ya san lamba 419, har yara. Sashe ne na kundin laifuffuka na Kudu. A Arewa Finalkod ke aiki tun 1960, a cikinsa kuma laifin zamba yana sashe na 320 zuwa 322. Kaduna ta sake rubuta nata kundin a 2017, lambobin suka motsa. Tun daga 2000 jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, Zamfara ce kan gaba, suna da nasu kundin laifuffukan na daban. EFCC kuma in za ta gurfanar da ɗan damfara, galibi da dokar tarayya ta 2006 take zuwa. Laifi ɗaya ke nan, amma sai kin san a wace jiha aka yi shi da wace kotu aka kai shi kafin ki san littafin da za ki buɗe.

Haka dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, ACJA. Sashenta na 7 ya hana a kama mutum a madadin wani, na 8 kuma ya hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Magana ce mai daɗin faɗa a ofishin 'yan sanda ranar da aka tsare uba don ba a ga ɗa ba. Amma ita ta Abuja ce da kotunan tarayya. Kaduna ta yi tata a 2017, Kano a 2019. In a Kano abin ya faru, ki nemo ta Kano, ki haɗa da sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta ɗaure ɗan sanda a ko'ina yake a ƙasar nan kuma ita ma ta hana wannan kamun. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da kuma dokar hana cin zarafi ta 2015 su ma haka suke, sai jiha ta yi tata, kuma jihohi kan canza abubuwa in sun zo yi.

Wani lokacin ma ba a ƙasar kike ba gaba ɗaya, ba ki sani ba. Kin rubuta tambaya da Turanci, Google ya kawo miki amsa daga Indiya ko Ingila ko Amurka. Na Indiya ya fi ruɗi, don Finalkod ɗinmu daga kundin Sudan aka ɗauko shi, na Sudan kuma daga na Indiya, sai ki ga jimlolin kusan iri ɗaya. Su can a tsohon kundinsu 420 ne lambar 'yan damfara. Hukuncin kotun wata ƙasa alƙalinmu na iya saurararsa ya ƙaru, amma bai ɗaure shi ba. 'Yan'uwanmu da ke kai kaya Maraɗi da Damagaram kuma, da zarar sun tsallaka iyaka sun shiga wani tsari dabam. Harkar kasuwanci a Nijar da Chadi da Kamaru dokokin OHADA ne ke tafiyar da ita, ƙungiyar ƙasashe 17 da babbar kotunta ke Abidjan, kuma da Faransanci za ki neme su.

Ruɗanin da ya fi taɓa gidajenmu shi ne na gado. A watan Afrilun 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ukeje da Ukeje, jaridu suka buga cewa kotu ta ce 'ya mace ta ci gadon ubanta. Har yau labarin yana dawowa a Facebook kamar jiya aka yi. Wata rana wani matashi ya same ni bayan sallar Magariba da hoton labarin a wayarsa, yana so ya san ko yanzu rabon mace da namiji ya zama daidai, don ana shirin raba gidan kakansu. Na ce ya nemo hukuncin kansa mu karanta. Al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gado gaba ɗaya ce kotu ta rushe, ta ce ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki da ya hana nuna bambanci. Babu maganar rabon gadon Musulmi a gaban kotun. Wannan yana ƙarƙashin shari'ar Musulunci, sashe na 277 kuma ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin gado da aure da wasiyya da waƙafi da riƙon yara. A can Risala da Mukhtasar da Tuhfa ake buɗewa. Su ma suna intanet, a Shamila da makamantanta, amma kada ki ɗauki fatawar wani shafi da ba ki san mazhabarsa ba ki kai wa alƙalin da ke hukunci da Malikiyya. Da yaron nan ya tafi da kanun labarin kawai, da an yi ɓatacciya a gidan a kan shari'ar da ba ta shafe su ba.

Wannan ya kawo ni kan hukunce-hukuncen kotu, inda na fi ganin matasan lauyoyi na tuntuɓe. Wuraren nema ba su yi ƙaranci ba. NWLR, kundin hukunce-hukuncen da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, yanzu yana intanet. Akwai LawPavilion da Legalpedia, duka na kuɗi ne, ki tambayi ɗakin karatun tsangayarku ko sun biya muku. NigeriaLII kyauta ne. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana ɗora nata hukunce-hukuncen a shafinta, abin da ya kamata sauran kotuna su yi koyi da shi tuntuni. Ki saba da karanta adireshin hukunci. Na Ukeje, alal misali, 2014 ne, juzu'i na 11 na NWLR, kashi na 1418, shafi na 384. Duk hukuncin da aka ambata miki ba tare da irin wannan adireshin ko lambar ƙara ba, ki ɗauke shi labari ne har sai kin same shi.

Manhajojin kuɗin nan suna da wani sauƙi mai haɗari. Sukan tsakuro miki sakin layi ɗaya daga hukunci su ɗora masa kanu, ki kwafa ki manna a takardarki. Na sha ganin lauya ya miƙe ya karanto irin wannan tsakuren da murya mai ƙarfi, alƙali ya sauke tabarau ya tambaye shi, “Me ya faru a shari'ar?” Sai shiru, sai jujjuya takardu. Wanda ya karanta sakin layi ɗaya na hukunci kamar wanda ya shigo ana tsakiyar sulhu ne, ya ji jimla ɗaya ya fita yana shela. Kotun Ƙoli alƙalai biyar ke zama, ko bakwai in batun tsarin mulki ne. Ɗaya ke rubuta jagoran hukunci, saura su goyi baya ko su saɓa. A shari'ar hijabin ɗalibai ta Jihar Legas, ranar 17 ga Yunin 2022, biyar ne suka ce a bar yara su sa hijabi, biyu suka saɓa. Duka bakwai ɗin a takarda ɗaya suke. Wanda ya tsakuro daga bakin biyun nan zai iya cewa Kotun Ƙoli ta faɗa, mai shari'a na Kotun Ƙoli ne kuwa ya faɗa, amma ba shi ne hukuncin ba. Ko a cikin jagoran hukuncin, akwai dalilin da aka gina hukunci a kansa, akwai kuma abin da alƙali ya faɗa a kan hanya. Na farkon ne ke ɗaure ƙananan kotuna.

Sannan ki bi shari'ar har inda ta tsaya. Ba sai na je nesa ba. Ranar 20 ga Satumbar 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Abba Kabir Yusuf a zaɓen gwamnan Kano bayan ta zare masa ƙuri'u sama da 165,000. Ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hakan. Da kwafin hukuncin mai hatimi ya fito, sai ga wasu layuka a shafi na 67 suna faɗin akasin abin da aka karanta a zaure. Kin tuna yadda hoton shafin nan guda ya zagaye wayoyin Kano a dare ɗaya, kowane ɓangare na murna da nasa layin, har kotu ta fito ta ce kuskuren rubutu ne. Ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin kotunan biyu ta tabbatar da shi a kujerarsa. Duka hukunce-hukuncen uku suna intanet yau, babu wanda aka rubuta wa “an rushe” a goshi. Ɗalibin da zai zo nan da shekara goma ya faɗa kan na tsakiya, in bai bincika gaba ba, zai gina hujjarsa a kan abin da aka riga aka rushe.

Na san kuna tambayar ChatGPT da 'yan'uwansa, ba zan ce ki daina ba, don na ga yadda suke warware wa mutum Turanci mai wuya. Amma a 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a shari'ar wani mai suna Mata da kamfanin jirgin sama na Avianca, saboda sun kawo hukunce-hukunce shida da manhajar ta ƙirƙiro musu, da sunaye da lambobi da maganganun alƙalai, babu ko ɗaya da ya taɓa faruwa. A Amurka ke nan, inda kusan komai nasu ke rubuce a intanet. Duk sunan shari'ar da na'ura ta ba ki, ki nemo ta a wani wurin ki karanta da idonki. In ba ki same ta ba, ki jefar.

Abin da ba ya cikin waya ma yana da yawa, kuma shi ya fi kusa da talaka. Hukuncin kotun majistare da kotun shari'a ta unguwa, inda mafi yawan mutanenmu ke zuwa, a fayil yake a rajista. Dokokin jihohi da yawa sai kin taka zuwa ma'aikatar shari'a ko majalisar jiha ko maɗaba'ar gwamnati. Umarnin da babban jojin jiha ke bayarwa kan yadda za a shigar da ƙara, wani lokaci a allon sanarwar kotu kawai za ki gan shi an manna. Don ba ki sami abu a intanet ba, kada ki ce wa mutum babu shi. Ki je rajista, ki gaida ma'aikatan da mutunci, ki rubuta takardar neman kwafi, ki biya kuɗin da aka ƙayyade a ba ki rasit. Ki karɓi rasit ɗin, ko an ce miki ba komai. Sashe na 104 na Dokar Shaida ya faɗi abin da ke mayar da kwafi ya zama tabbatacce, wato CTC: a rubuta a ƙasansa cewa kwafi ne na gaskiya, da kwanan wata, da suna da muƙamin jami'in, da sa hannunsa, da hatimi in ofishin na da shi. Ki duba duka tun kina tsaye a gaban tebur. Na ga an mayar da takarda a kotu don jami'i ya sa hannu bai rubuta sunansa ba.

Abin da kika buga daga intanet kuwa ba ya shiga kotu haka kawai. Sashe na 84 na dokar ya gindaya sharuɗɗa a kan duk abin da kwamfuta ta fitar, har da takardar shaida a kan na'urar da yadda aka fitar da shi. A 2012, a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, an kawo shafukan Punch da Sahara Reporters da aka buga daga intanet, Kotun Ƙoli ta ce ba su karɓu ba don ba a cika sharuɗɗan ba. Saƙon WhatsApp da hoton shaidar tura kuɗi ta waya da dangi za su riƙa kawo miki, duk wannan sashen ne ke jiransu. Ki ce musu kada su goge, kada kuma su sayar da wayar.

Bayanan gwamnati ba zan tsawaita ba. Shafin hukuma na gaskiya da gov.ng yake ƙarewa, kuma ya fi kyau ki rubuta adireshin da hannunki maimakon latsa wanda aka turo, don masu damfarar neman aiki da tallafi sun iya kwaikwayon tambari. Kafin wani ya zuba kuɗi a kamfani, shafin CAC na nuna ko yana da rajista, kyauta, amma rajista ba shaidar amana ba ce. Fili kuma hoton takardar mallaka a waya ba ya wadatarwa, sai an je an yi bincike a KANGIS in Kano ne, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a ga sunan wa ke fayil da ko an jinginar da shi a banki. In wata hukumar tarayya ta ɓoye bayani, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ki damar rubuta mata, ba sai kin faɗi dalili ba, ita kuma kwana 7 gare ta ta amsa. Ki kai takardar da kwafi biyu a buga miki hatimin karɓa a ɗaya.

Ki sami littafi ki riƙa rubuta duk abin da kika samo: sunan shafin, ranar da kika buɗe, shekarar dokar, jihar da ta shafa. In kin ba mutum amsa, ki haɗa masa da wannan. “Dokar Kano ta shekara kaza ce na gani, a wuri kaza” ya fi “doka ta ce” nauyi, don ya bar ƙofar da wani zai gyara miki kafin a kai ga asara. Mutanenmu suna ganin girman mai karatun lauya, abin da kika faɗa a tsakar gida da shi za a je gaban mai unguwa, da shi za a ƙi sulhu, da shi za a sayar da akuya a ɗauki lauya. Ba a kira ki zuwa aikin lauya ba tukuna, kuma ba abin kunya ba ne ki ce wannan ya fi ƙarfina.

Tambayar farko da za ki yi wa duk wanda ya zo miki, tun kafin ki taɓa waya, ita ce yaushe abin ya faru. Ɗaukaka ƙara daga babbar kotu a shari'ar da ba ta laifi ba wata uku ne in hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 in na tsakiyar shari'a ne. Daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, ki duba dokar jihar. Ƙarar zaɓe kwana 21. Ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aiki wata uku ne, duk da kotuna sun keɓe wasu abubuwa. In kin ga lokaci ya matso, ki ajiye binciken ki tura shi wurin lauya a ranar. In ba shi da hali, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofis a jihohi, ki raka shi da kanki.

Ki gaishe da mamanki da ƙannenki.

Baffanki.